Chester Himes: marubucin da ya gano hanyarsa a labaran 'yan sanda yana dab da shekara 50

A shekarar 1958 aka bai wa wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Chester Himes babbar kyautar Faransa ta littattafan 'yan sanda, wato Grand prix de littérature policière, saboda littafinsa La Reine des pommes. A lokacin yana dab da cika shekara 50. Kafin nan ya riga ya wallafa ƙagaggun labarai guda biyar da ya ɗauka su ne aikinsa na gaske, amma babu ko ɗaya da ya raba shi da bashi. Wannan na shida kuwa neman kuɗin haya da na abinci ya sa ya rubuta shi, yana ganin ya sauko daga matsayinsa na marubuci. Yau idan aka ambaci sunansa, a Paris ko a Dakar ko a Yawunde, waɗannan labaran na 'yan sanda ne ke fara zuwa zuciyar masu karatu.

Duk wanda ya fara rubuta ƙagaggen labari yakan yi karo da tambaya ɗaya: wane irin labari ne nawa? Soyayya, ko tarihi, ko barkwanci, ko labarin kisa da bincike, wanda Faransawa ke kira polar? Da yawa kan ɗauka amsar tana cikin abin da mutum ya fi sha'awar karantawa. Rayuwar Himes ta nuna cewa sha'awa kaɗai ba ta isa ba. Mutum na iya ɗauke da kaya shekara ashirin yana zuba su a buhun da ba nasu ba, suna zubewa a hanya.

Daga kurkuku zuwa Paris

An haifi Himes ranar 29 ga Yuli 1909 a Jefferson City da ke jihar Missouri, a gidan 'yan boko. Mahaifinsa malamin koyar da sana'ar hannu ne a kwalejojin baƙar fata. Yana yaro wani haɗin sinadarai ya fashe a fuskar wansa Joseph wajen wani gwaji na makaranta, asibitin fararen fata ya ƙi karɓar yaron, daga ƙarshe ya makance. Wannan abu bai taɓa barin zuciyar Himes ba. Iyalin suka koma Cleveland, ya shiga jami'ar jihar Ohio, aka kore shi, ya faɗa caca da sace-sace. A 1928, yana da shekara 19, aka yanke masa ɗaurin shekara 20 zuwa 25 bisa laifin fashi da makami.

A gidan yarin Ohio ya fara rubutu. Yana ciki gobara ta tashi a watan Afrilu na 1930, ta kashe fursunoni sama da 300, akasarinsu a kulle cikin ɗakunansu. Ya mayar da abin da ya gani gajeren labari, mujallar Esquire ta buga a 1934 yana tsare. A 1936 aka sallame shi.

Daga nan ya ɗauki hanyar da ake sa ran duk baƙar fata mai basira zai ɗauka a lokacin, wato rubuta littafin ƙorafi a kan wariyar launin fata, irin wanda ya fito da sunan Richard Wright. Littafinsa na farko, If He Hollers Let Him Go (1945), labarin wani ma'aikaci ne a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Los Angeles lokacin yaƙin duniya na biyu, aikin da Himes da kansa ya yi. An yaba shi daidai gwargwado. Na biyun, Lonely Crusade (1947), shi ya karya masa gwiwa: 'yan kwaminis suka zage shi, masu sharhi baƙar fata suka zage shi, farare ma haka. Littafin da ya rubuta a kan zaman kurkuku kuwa sai da masu ɗab'i suka yi masa yankan rago kafin ya fito a 1952, kuma cikakkensa bai ga hasken rana ba sai 1998, shekara 14 bayan rasuwarsa. A 1953 ya tattara ya bar Amurka ya nufi Faransa, inda Wright da James Baldwin suka riga shi. Ya ƙara fitar da littattafai biyu, aljihu dai na nan wayam.

A wannan hali ne ya haɗu da Marcel Duhamel, wanda ya taɓa fassara littafinsa na farko zuwa Faransanci, kuma wanda ya kafa jerin Série noire a kamfanin ɗab'i na Gallimard a 1945. Su ne littattafan nan masu baƙin bango da tsofaffin 'yan boko na ƙasashen renon Faransa suka sani a teburan masu sayar da tsofaffin littattafai. Duhamel ya ce ya rubuta masa labarin 'yan sanda, ya ba shi kuɗin kafin alƙalami, ya kuma gindaya masa sharaɗi, kamar yadda Himes ya ba da labari daga baya a tarihin rayuwarsa: ya bar dogon bayani a kan abin da mutanen labarin ke tunani, ya nuna abin da suke aikatawa, fage bayan fage, kamar a majigi.

Wannan sharaɗi na kasuwa ne. Duhamel littafin da zai sayu yake nema. Amma ya faɗa daidai kan ciwon da ke cin rubutun Himes.

Abin da sabon salon ya yi masa

A littattafansa na farko, jarumin yakan zauna yana tafasa a zuci, yana jujjuya wulaƙancin da aka yi masa shafi bayan shafi. Gaskiya ce yake faɗa, sai dai mai karatu na gajiya da wa'azi ko da ya yarda da mai wa'azin. Labarin laifi ba ya barin marubuci ya zauna. Akwai kuɗin da suka ɓace, akwai gawa, akwai wanda ke gudu da wanda ke binsa. Idan marubuci na son ya ce talauci ya yi wa unguwa katutu, dole ya nuna shi ta hannun wani mutum da ke aikata wani abu saboda talaucin.

La Reine des pommes ya fara ne da damfara. Wani bawan Allah mai suna Jackson, ma'aikaci a gidan shirya gawa a unguwar Harlem ta New York, ya kwashi duk abin da ya tara, dala 1,500, ya miƙa wa wasu da suka ce za su mayar masa da kowace takardar dala goma ta zama ta ɗari idan aka gasa ta cikin murhu da wani sinadari. Murhun ya fashe, wani jami'in tsaro na bogi ya faɗo ɗakin, kowa ya tsere sai Jackson, wanda ya koma ya saci kuɗin maigidansa don ya ba jami'in cin hanci. Ɗan'uwansa tagwai, Goldy, shi kuma yana yawo cikin shigar mata masu hidimar coci yana sayar wa mutane tikitin shiga aljanna. Mai karatu a Duwala ko Marwa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ya san masu ninka kuɗi, ya ji labarin feyman da suka yi tashe a Kamaru cikin shekarun 1990, wataƙila ma akwai wani a danginsa da aka wanke ya yi shiru saboda kunya.

Babu inda Himes ya tsaya ya ce ga yadda wariya ke hana baƙar fata tara dukiya ta halal. Ya bar mai karatu ya ga mutum mai aiki, mai zuwa coci, wanda hanyar arziki ɗaya da ya iya hangowa ita ce murhun 'yan damfara. Mai karatu zai yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya masa a wuya. Wannan dariyar ita ce babbar ribar da Himes ya samu. Tun da can yana da ita, amma littafin ƙorafi ba ya ba ta wuri, don ana ganin maganar ta fi ƙarfin wasa.

Riba ta biyu ita ce mai bincike. A wannan littafin ne 'yan sandan cikinsa biyu suka fara bayyana, Coffin Ed Johnson da Grave Digger Jones, waɗanda masu karatun Faransanci suka sani da Ed Cercueil da Fossoyeur, wato mai akwatin gawa da mai haƙa kabari. Amfanin mai bincike a labari shi ne babu ƙofar da ba ya ƙwanƙwasawa. A babi guda zai shiga gidan fasto, ya fito ya shiga gidan caca, ya ƙarasa ofishin shugabansa farar fata. Ta haka marubuci ke zagaya da mai karatu gari sama da ƙasa ba tare da an ji ƙarya ba. A Cotton Comes to Harlem, wanda aka fi sani a Faransanci da Retour en Afrique, wani faston ƙarya ya karɓi dala 87,000 daga iyalai talakawa da alkawarin mayar da su Afirka, kuɗin suka ƙare cikin dam ɗin auduga da kowa ke farauta. Duk tarihin bauta da gonakin auduga na cikin wannan dam ɗin, ba tare da an karanta wa kowa darasi ba. An mayar da littafin fim a 1970.

Wani abin lura kuma, Himes ba ɗan Harlem ba ne. Ya zauna a can na ɗan lokaci, amma yana Turai ya rubuta littattafan, kuma shi da kansa ya amsa cewa Harlem ɗin da ke cikinsu ƙirƙirarsa ce. Ba shi kaɗai ba. James Hadley Chase, wanda matasan Afirka ta Yamma suka haddace littattafansa a shekarun 1970 da 1980, Bature ne ɗan Ingila da ya gina akasarin labaransa a Amurkar da bai zauna ba. Wanda ke zaune a zango nesa da garin kakanninsa na iya samun ƙarfin gwiwa daga nan.

Ba komai ne abin yabo a littattafan ba. Tashin hankalin ya yi yawa, 'yan sandan biyu dūkan mutane suke yi kamar jakai, kuma yadda ya zana mata da yawa zai ɓata wa mai karatun yau rai. A ƙasarsa ma an daɗe ana kallon su a matsayin littattafan tasha masu arha, yayin da manyan marubutan Faransa irin su Jean Giono da Jean Cocteau ke yaba su.

Idan aka koma baya aka duba aikinsa na farko, za a ga laifi da hukunci suna nan tun ranar farko. Gajerun labaransa na kurkuku a kan masu laifi suke. Littafinsa na 1945 ma ya rataya ne a kan ƙazafin fyaɗe da niyyar kisa. Duhamel bai ba shi sabon abu ba, ya dai nuna masa abin da hannunsa ke komawa kai kullum. Marubucin da ke neman nau'insa zai fi samun amsa idan ya ɗauko tsofaffin rubuce-rubucensa ya duba wane fage ne ya fi rai, inda alƙalaminsa ya yi gudu. Wata marubuciya za ta tarar cewa a cikin labarinta na soyayya, babin da ya fi daɗi shi ne wanda aka saci zinaren amarya ana neman ɓarawo.

Waɗanda suka bi sahu a Afirka

Marubutan Afirka masu rubutu da Faransanci sun daɗe suna kallon polar a matsayin ƙaramin aiki, kafin a fara sauya ra'ayi. Abasse Ndione, ma'aikacin jinya a Senegal, ya fitar da La Vie en spirale a Dakar cikin shekarun 1980, labarin matasa masu safarar tabar wiwi, daga baya Série noire ta sake buga shi. Achille Ngoye na Kwango ya shiga jerin a 1996 da Agence Black Bafoussa. Moussa Konaté na Mali, tsohon malamin makaranta da ya rasu a 2013, ya ƙirƙiro kwamishinan 'yan sanda Habib, ya aika shi bincike a unguwar Banconi ta Bamako, da ƙasar Dogon a L'Empreinte du renard (2006), da wajen masunta Bozo na kogin Neja.

Wanda labarinsa ya fi kama da na Himes shi ne Mongo Beti na Kamaru. Ya yi suna tun 1956 da Le Pauvre Christ de Bomba, gwamnatin Faransa ta haramta littafinsa Main basse sur le Cameroun a 1972, ya kwashe sama da shekara 30 yana gudun hijira, yana koyarwa a Rouen. Da ya dawo gida a farkon shekarun 1990 ya buɗe kantin littattafai a Yawunde. Abin da ya tarar a ƙasa ya fi ƙarfin salon da ya saba da shi. Sai ya fitar da Trop de soleil tue l'amour (1999), sannan Branle-bas en noir et blanc (2000), shekara guda kafin rasuwarsa. Na farkon ya buɗe da wani ɗan jarida mai suna Zam da aka sace wa faya-fayan kiɗan jaz, sai kuma ga gawa a gidansa, a ƙasar da 'yan sanda ke gudun bincike don kada ya kai su ƙofar manya. Mutumin da ya yi shekara 40 yana rubutu cikin fushi ya ƙare da barkwanci da gawa, kamar dai Himes.

A Hausa ma ƙasar ba fako ba ce. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko na shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne. A 1982 aka samu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mai cike da makamai da ta'addanci bayan yaƙin basasar Najeriya, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Bayan haka ne guguwar littattafan soyayya ta Kano ta taso ta mamaye kasuwa, har sabon marubuci ya fara jin cewa idan ba saurayi da budurwa ba, babu mai saye. Alhali littattafan soyayyar kansu cike suke da laifi: cin dukiyar marayu, auren dole, guba a abinci, satar jariri. Abin da akasari babu shi ne mutumin da zai tsaya ya bi sawu har ya gano wanda ya aikata. Akan bar wa ƙaddara wannan aikin, mugu ya haukace ko mota ta kaɗe shi a babi na ƙarshe.

Matsala biyu ga marubucin zango

Bahaushen da ke zaune a Garwa, ko Ngawundere, ko Injamena, ko zangon Kumasi ba zai rasa abin rubutawa ba. Iyaka kanta ma'adanar labari ce: man zuwa-zuwa da ake tsallakowa da shi a jarkoki, satar shanu, zargina masu tare hanya, garkuwa da makiyaya don kuɗin fansa, takardun zama na jabu, ɗan kasuwar da ya ba da amanar kaya a wata ƙasa ba tare da ko takarda ɗaya ba. Wahalar tana wani wuri.

Ta farko ita ce tsoron tona asirin gida. Al'ummar da take tsiraru a ƙasa takan ji cewa duk wanda ya rubuta ɓarawo daga cikinta ya ba maƙiya sanda. Himes ya sha irin wannan zargi daga 'yan'uwansa baƙar fata, cewa ya cika littattafansa da 'yan damfara da karuwai yana bai wa farare abin dariya. Zargin ba na banza ba ne, kuma a unguwar da kowa ya san kowa ya fi nauyi, don ana iya ɗaukar ƙagaggen alhaji a ce wane ake nufi. Abin da ya kare Himes shi ne waɗanda ake cuta a labaransa su ma 'yan unguwar ne, kuma idan aka bi kuɗin har ƙarshe sau da yawa a wajen unguwar suke kwana.

Ta biyu ta fi wuya: wa zai yi binciken? Labarin 'yan sanda irin na Ingila, na su Agatha Christie, ya ginu a kan yarda cewa idan aka gano mai laifi hukuma za ta hukunta shi, gari ya koma lafiya. Mai karatun da ya taɓa kai ƙara wajen jandarmomi aka nemi ya sayi man mota kafin a motsa ba zai gaskata wannan ba. Kowane daga cikin marubutan nan ya nemi tasa mafitar. Konaté ya riƙe ɗan sanda mai gaskiya, amma ya sa shi yana cin karo da dattawan da ke da tasu shari'ar, waɗanda ba sa ganin dokar Bamako ta shafe su. Beti ya miƙa aikin ga ɗan jarida da abokinsa lauya mai dabaru. A zango akwai mutanen da suka fi kwamishina sanin abin da ke gudana: sarkin Hausawa da ake kai wa ƙara kafin a je hukuma, ɗan kamasho a tasha da ya san wanda ya shiga mota da asuba, dillaliya da ke shiga kowane gida har ɗaki, ta ga sabon zane ta san ba daga albashin miji ya fito ba. Dillaliya mai bincike za ta iya riƙe littattafai goma.

Himes kansa bai warware wannan matsala ba, ita ce ma ta cinye jerin nasa. Ya kammala littattafai takwas da 'yan sandan nan biyu, kuma da tafiya ta yi nisa sai suka fara gano mai laifi amma hukunci ya gagara, ko su yi cinikin gaskiya da manya don talakawa su samu wani abu. A na takwas, Blind Man with a Pistol (1969), wanda ya fito bayan tarzomar da ta girgiza biranen Amurka, babu ma laifin da aka warware. Littafin ya ƙare da wani makaho yana harbi barkatai a jirgin ƙarƙashin ƙasa, su kuma 'yan sandan biyu suna tsaye suna harbin ɓeraye a wani gini da ake rushewa.

Ya fara na tara, Plan B, inda ya kashe su duka biyun, amma bai iya kammala shi ba. Shanyewar jiki ta kama shi a Sifaniya, inda ya koma da zama tare da matarsa. Littafin ya fito a haka, ba ƙarshe, cikin Faransanci a 1983. Himes ya rasu a garin Moraira ranar 12 ga Nuwamba 1984, kuma sai a 1993 aka buga shi da Turanci a Amurka.